Wuƙar Kakana da Bashin Shekara Biyar

Kakana malamin allo ne. Tun da na yi wayo nake ganinsa a zaure ɗaya, bisa buzu ɗaya, a wata tsohuwar unguwa ta cikin birnin Katsina, inda in ka tsaya ƙofar gidanmu kana hango kan Hasumiyar Gobarau. Kayan aikinsa ba su da yawa: gafaka, kurtun tawada, ɗaurin gamba na yin alƙaluma, sai wata 'yar wuƙa mai naɗewa da ba ta rabuwa da aljihunsa. In an naɗe ta, tsawonta bai wuce yatsan tsakiya ba. Ƙotarta ta katako ce, hannu ya goge ta har ta yi sulɓi. Ruwanta biyu ne, wato ƙarafan da ke yankan, waɗanda mu a gida muke ce wa 'ya'yan wuƙa. Da ƙaramin yake fiƙe alƙalami. Da babban yake ɓara goro, ya yanke igiya, ya fere mangwaro ya raba wa jikoki.

Ina ɗan shekara 15, a aji ɗaya na babbar sakandare, na sace wannan wuƙa. Na daɗe ina ce wa kaina aro na yi, amma wanda ya ɗauki abu ba da sanin mai shi ba, kowa ya san sunan abin da ya yi. Son burga ne ya ja ni. A lokacin akwai wasu yara a ajinmu da kowa ke shakka. Kullum hirarsu ita ce wane ya fi wane taurin kai, wannan ya nuna kaca, wancan ya nuna guntun ƙarfen da ya wasa. Ni ba na faɗa, ko kaza ban taɓa yankawa ba, amma na gaji da a riƙa ce mini ɗan malam. Wata Litinin da asuba Kaka ya bar ta bisa buzu ya tafi alwala, na sunkuce na cusa a safa.

Ashe ranar ce dubuna za ta cika, tun kafin in fara. Juma'ar da ta gabata an yi faɗa a bakin ƙofar makaranta bayan an tashi, har an ji wa wani yaro rauni. Saboda haka malamai suka tsare mu a wurin taron safe, suka bi layi-layi suna caje: jaka, aljihu, takalmi, safa. Malamin ladabtarwa ya zaro wuƙar daga ƙafata, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya jefa cikin bokitin da ake tara abin da aka kama. Na sha bulala, na yi noman ciyawa na kwana uku, aka ce in zo da mahaifina ko in nemi wata makarantar. Sai na roƙi wani yayanmu na unguwa ya sanya babbar riga ya je a matsayin kawuna. Wuƙar kuwa ban sake ganinta ba. Ba na ganin laifin malamin ko kaɗan. Da ni ne a matsayinsa yau, abin da zan yi ke nan.

Abin da ya fi bulalar ciwo a gida na ishe shi. Kaka ya kakkaɓe buzu, ya zazzage gafaka, ya sa aka share zaure sau biyu. Manyan almajirai suka ɗora zargi a kan wani ƙaramin yaro mai shara, wanda bai fi wata biyu da zuwa daga ƙauye ba. Suka tsare shi a lungu yana kuka yana rantsuwa. Kaka ya fito ya hana a taɓa shi, ya ce abin da ido bai gani ba, ba a hukunci a kansa. Duk da haka, har yaron ya bar makarantar bayan shekara biyu, in abu ya ɓace shi ake fara kallo. Ina tsaye a wurin ranar, na ja bakina na yi gum. Daga nan Kaka ya koma fiƙe alƙalami da reza, 'yar siririyar nan mai baki biyu, kuma sau da yawa nakan ga tsumma ɗaure a babban yatsansa.

Shekara biyar ina ɗauke da wannan abu a raina. A hutun da ya wuce, bayan na gama aji biyu a jami'a, na samu yara uku na maƙwabta ina koya musu lissafi da yamma. Da aka biya ni, na ware naira 8,000 na ce da ita zan biya bashin Kaka kafin Babbar Sallah. Kuɗi dai nawa ne, ba mai ce mini don me. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake zaɓen wuƙa, kuma ban tambayi kowa ba.

A tashar mota na fara faɗawa. Wani mai talla ya zo da faranti cike da tocila, makullai da abin yanke akaifa, a tsakiya ga wata jar wuƙa tana ƙyalli. Da ya ga idona ya tsaya a kanta, sai ya ɗauko ya fara zaro 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, har ta baje kamar ɗawisu ya buɗe wutsiya. Na ƙirga 14: wuƙa babba da ƙarama, almakashi, zarto, magagari, sukudireba biyu, mabuɗin kwalba, mabuɗin gwangwani, wani murɗaɗɗen ƙarfe, da wasu da ban ma san sunansu ba. Nan take na buga lissafin yara: na ɓatar da mai biyu, zan mayar da mai 14, ai har da riba. Ya ce 5,000, na taya 2,500, muka daidaita a 3,000. Na tafi ina ganin na yi wayo.

A daren na ce bari in gwada. Almakashin bai yanka takarda ba, taunarta ya yi. Na sa sukudireban a kan ƙusar tsohuwar rediyo, bakinsa ya murɗe ƙusa ba ta motsa ba. Sai na ɗauko rake na zaro babban ɗan. Ina dannawa a kan gaɓa, ya naɗo ya faɗa wa yatsana na nuni. Jini ya ɓata mini riga, sai da na je kemis aka wanke aka ɗaure, mai kemis ya ce in je a yi mini allurar rigakafin tetanus. Kwana uku bayan nan jar robar da ke jikin ƙotar ta ɓalle, ashe da gam aka manna ta. Shi kuwa murɗaɗɗen ƙarfen, daga baya na gano cewa a Turai da shi ake zare toshiyar kwalbar giya. Ku ji fa abin da na so in kai wa malamin allo.

Na ɗauka kaifi ne kawai ba ta da shi, sai na kai ta wurin wani tsohon maƙeri mai wasa wuƙa a gefen Babbar Kasuwa. Ana saura kwana goma Sallah, mutane sun yi layi da wuƙaƙen yanka da na fiɗa, shi kuma yana ta juya dutsensa tartsatsi na tashi. Da layi ya zo kaina ya karɓa, ya juya ta, ya dubi yatsana, ya ce, "Samari, ita ta yi maka wannan?"

Na ce, "Ita ce, Baba."

Ya aza ta bisa dutse sau biyu, ya shafa bakin da yatsa, ya girgiza kai. "Wannan ai gwangwani ne. Ko na wasa, kana fere alƙalami ɗaya ta kwanta. Riƙe kuɗinka." Sannan ya yi mini tambayar da ya kamata in yi wa kaina tun a tasha: "Mi za a yanka da ita?"

Na gaya masa: alƙalami, goro, igiya, wani lokaci 'ya'yan itace. Ya ce to aiki uku ne ko huɗu, mi ya kai ni sayen 14? Ya yi mini wani lissafi da ya fi nawa, ni da nake koyar da lissafi. Ya ce in ɗauka kuɗin da aka kashe wajen ƙera wuƙa tuwo ne malmala ɗaya. In mutum uku za su ci, kowa zai ji a cikinsa. In 14 ne, kowa loma ɗaya zai samu. Kowane ɗa da aka ƙara yana bukatar ƙarfensa, da ƙusarsa, da sifirin da zai riƙe shi. Wanda ya sayar maka da 14 a kuɗin uku, to daga ƙarfen ya rage.

Da na koma gida na zauna na karanta tarihin irin wannan wuƙa, na kuwa tarar maganar Baba ce dai ake ta maimaitawa. Haɗa kayan aiki da yawa a ƙota ɗaya tsohuwar dabara ce. A gidan tarihi na Fitzwilliam da ke Kambirij a Ingila akwai wata ta azurfa daga zamanin Rumawa, an ƙera ta tsakanin shekara ta 200 da ta 300 miladiyya, tana ɗauke da wuƙa, cokali, cokali mai yatsu da tsinken sakace. Kayan cin abincin matafiyi ke nan, ba a sa mata abin da matafiyi ba ya bukata ba. Jar wuƙar nan ta Suwizalan da aka kwaikwaya aka sayar mini, asalinta daga wani maƙeri ne mai suna Karl Elsener, wanda ya buɗe maƙerarsa a garin Ibach a 1884, ya fara kai wa sojan ƙasarsa wuƙaƙe a 1891. Kamfanin ne ake kira Victorinox a yau. Wuƙar sojan ta farko 'ya'ya huɗu gare ta: wuƙa, tsinken huda fata, mabuɗin gwangwani saboda abincin soja na gwangwani ne, da sukudireba saboda kwance bindiga. Kowane ɗa da aikin da ya kawo shi.

Haka ma wadda Amurkawa ke kira wuƙar makiyayi, mai 'ya'ya uku. Na farko dogo ne mai tsini, na aikin yau da kullum. Na biyu bakinsa miƙaƙƙe ne sambal, kansa a duƙe, don yanka mai tsabta. Na uku kansa a zagaye yake, an yi shi ne don fiɗiye dabbobi ba tare da an soke su ba. Abin da ya fi burge ni shi ne labarin ƙaramin ɗan da ake sa wa yawancin wuƙaƙen aljihu. Kafin a ƙirƙiro alƙalamin ƙarfe, Turawa da gashin dinya suke rubutu, kuma da 'yar ƙaramar wuƙa suke fiƙe shi su tsaga bakinsa. Aikin da Kaka ke yi da gamba a zaurenmu ke nan daidai. Ashe ƙaramin ɗan wuƙarsa don aikinsa aka yi shi tun asali.

Na kuma koyi cewa araha da kyau suna iya haɗuwa, in maƙeri ya taƙaita. Okapi, wadda aka fara ƙerawa a garin Solingen na Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, ba ta yi suna da ado ba. Douk-Douk ta garin Thiers a Faransa, da aka fara a 1929 ta kuma bazu a Arewacin Afirka, ƙotarta fallen ƙarfe ne kawai aka ninke. Dukansu na talaka ne, amma an zuba kuɗin a inda ake yankan. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tawa jar wuƙar ta yi adon, shi ya sa ba ta yi aikin ba.

Akwai kuma batun ƙarfe, wanda iri biyu ne a kasuwa. Akwai baƙi, irin wanda maƙeranmu ke samu daga tsohon sifirin ɗin mota. Yana saurin ɗaukar kaifi a dutse, amma in ka bar shi da laima sai ya yi tsatsa, in ka yanka lemo ya canza launi. Akwai kuma wanda ba ya saurin tsatsa, wanda ake danganta gano shi ga Harry Brearley na garin Sheffield a 1913, sirrinsa kuwa sinadarin kuromiyam ne da ake zubawa sama da kashi 10 cikin 100. Dukansu akwai mai kyau akwai na banza. Ƙyalli dai ba shaida ba ne, domin tawa ta tasha ta fi kowace ƙyalli.

Kashegari na koma wurin Baba da sauran 5,000 ɗina. Ya ce ba zai bar dutsensa ya raka ni ba, amma ya ɗauki matacciyar wuƙata ya nuna mini abin da zan duba, ya sa na maimaita har sau biyu. Ga su nan yadda na riƙe su.

Na farko, sifirin. Irin wannan wuƙa ta gargajiya ba ta da makulli. Wani ƙarfe ne da ke kwance a bayan ƙota yake danne gindin ɗan, ya riƙe shi a buɗe ko a rufe. Ka buɗe a hankali ka saurara, ya kamata ka ji ƙas. Ka danna bayan ɗan da yatsa. In ya naɗo ba gardama, ajiye ta, irinta ce ta yanke ni. In kuma sai ka kusa karya akaifa kafin ya buɗe, ita ma ba ta yi ba, balle ga tsoho.

Na biyu, girgiɗi. Ka buɗe ɗan, ka kama bayansa, ka motsa shi hagu da dama. In yana lilo tun yana sabo, ƙusar ba ta kama ba, kuma kullum ƙara sakewa za ta yi.

Na uku, ka rufe duka ka leƙa ta sama. Kowane ɗa ya kwanta a gurbinsa, kada ya goga ɗan uwansa, domin masu gogayya suna cinye kaifin juna. Sannan ka shafa yatsa a hankali ka tabbata tsinin ya nutse cikin ƙota. Tsinin da ya leƙo waje zai huda aljihu, wata rana ya huda hannu.

Na huɗu, ƙota. Ka ga kan ƙusoshi a jikinta, alamar an ɗaure ta ne ba manna ta aka yi ba. Ka ɗaga ta saitin rana ka duba bayanta. In haske na ratsowa ta tsakanin ƙarafan, aikin gaggawa ne.

Na biyar, ka roƙi mai kaya ya bari ka gwada a kan takarda ko sabon kara. Mai kaya na ƙwarai ba ya jin tsoron gwaji.

Na shiga kasuwa na bi teburan 'yan koli ɗaya bayan ɗaya. Wajen tebur na shida na ishe wani dattijo mai sayar da kwaɗo da almakashi, yana da wuƙaƙe kala huɗu a cikin kwali. Na zauna bisa bencinsa na gwada guda tara. Biyu suna girgiɗi, uku sifirinsu ya mutu, ɗaya tsininta a waje. Yana kallona yana murmushi, can ya ce, "Ɗana, wa ya koya maka?" Na nuna masa yatsana, ya yi dariya har da tafa hannu. A ƙarshe na tsaya a kan wata mai 'ya'ya uku, ƙota ruwan ƙasa, ba wani zane a jikinta: dogo mai tsini, matsakaici mai miƙaƙƙen baki, da ƙarami. Ya ce 7,000. Na taya 4,000, ya ce albarka. Na ce masa ta kakana ce, kuma abin da ke aljihuna ke nan. Ya sallama a 4,500. Ragowar 500 na kai wa Baba ya wasa ta, ya kuma haɗa ni da ɗan guntun dutsen wasawa. Da na haɗa lissafi, sai na ga da na fara da tambaya, da 3,000 ɗina da yatsana duk suna nan lafiya.

Sayen wuƙar ya zo da sauƙi a kan kai ta. Sau biyu ina zuwa ƙofar zaure ina juyawa. Ranar jajibiri bayan la'asar, almajirai sun watse, na shiga na durƙusa na ajiye ta gabansa. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Kai kuma abokin kishi, mi ka kawo? Ko toshi ne don in sakar maka tsohuwar?" Wasan da muka saba ke nan, amma ranar na kasa dariya. Na ce, "Malam, wuƙarku da ta ɓace, ni na ɗauka." Na faɗi komai, har da babbar rigar kawun ƙarya.

Ya yi shiru yana jan tasbaha. Can ya ce ya sani. Ashe a makon da abin ya faru malamin ya haɗu da babana a wurin wata jana'iza, ya tambaye shi yadda ƙaninsa ya isa gida, babana kuwa ba shi da ƙane. Babana ya so ya kama ni a daren, Kaka ya hana, ya ce a bar ni in kawo kaina. "Na zaci mako ɗaya za ka yi," in ji shi. "Sai ga shi ka ida shekara biyar." Sannan ya faɗi abin da bai taɓa zuwa raina ba. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, domin ya gaya wa manyan almajirai cewa yaron nan ba shi ya ɗauka ba, amma da yake ya ƙi faɗin wanda ya ɗauka don ya rufa mini asiri, ba su yarda ba. "Tawa wuƙa ce, na yafe tun ranar. Amma akwai wanda ni da kai muka ci bashinsa." Ya gaya mini sunan ƙauyen yaron, ya ce bayan Sallah tare za mu.

Bayan haka ne ya ɗauki wuƙar. Ya buɗe 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya yana sauraren ƙararsu, kamar dai yadda Baba ya koya mini, alhali ba wanda ya koya masa a gabana. Ya zaro gamba ɗaya daga ɗauri, ya fere da mai miƙaƙƙen bakin, ya tsaga da ƙaramin, ya tsoma a tawada ya ja layi a allo. Ya ce, "Ta yi." Nan take ya raba musu aiki: biyu na alƙalami, dogon na goro da abin ci, kuma ba a haɗa su. Sai a lokacin na gane amfanin 'ya'ya fiye da ɗaya a wurinsa. Wanda ya taɓa tawada da igiya ba ya shiga abin da za a kai baki.

Mun je ƙauyen a mako na biyu bayan Sallah. Yaron ya zama saurayi, yana noma da babansa. Na nemi gafararsa a gaban mahaifinsa. Ya ce ya yafe, amma bai ce ya manta ba, ni ma ban sa ran haka ba.

To ƙannena, na san cikinku akwai masu sha'awar irin wannan wuƙa, kuma sha'awar ba laifi ba ce. Wuƙa kayan aiki ce. Manomi, baduku, mahauci, mai gyaran lantarki da malamin allo duk suna bukatarta. In ranar ta zo da za ku saya, don gona ko sana'a ko kyauta ga wani babba, ku fara da tambayar Baba: mi za a yanka da ita? Ku ƙirga ayyukan, ku sayi mai 'ya'ya daidai da su, biyu ko uku sun ishi yawancin mutane. Ku tafi da babba wanda ya sani. In kun saya, ɗa ɗaya ake buɗewa a lokaci guda, ana yanka ne ana nesanta bakin daga jiki, kuma ba a suka ko ɓamɓara da ita, tunda ba ta da makulli. A goge ta a busar bayan aiki, a ɗiga man keken ɗinki a mahaɗa, wanda ake yanka abinci da shi kuma a shafa masa man gyaɗa. Kada a bari ta dakushe, domin dakusasshiya ce ke sa mutum ya danna da ƙarfi har ta goce.

Amma tambayar nan tana da wani amfani da ya fi na kasuwa. Ranar da na cusa wuƙar Kaka a safa, da wani ya tare ni ya ce mi za ka yanka da ita a makaranta, ba ni da amsa. Fensir yana da abin fiƙewarsa. Duk wanda ya ɗauki wuƙa zuwa inda ba abin yankawa, to mutane ya tafi tsoratarwa, ko ya yarda da haka ko bai yarda ba. Kun san halin da ake ciki. Waɗanda muke kira ƙauraye a Katsina, Kano ta ce 'yan daba, Bauchi sara-suka, Gombe 'yan kalare, da masu ƙwacen waya, sun sa duk saurayin da aka samu da ƙarfe a jiki ba a tsayawa jin bayaninsa. Faɗan da zai ƙare da mari, in akwai wuƙa a aljihu yakan ƙare a asibiti ko gaban alƙali, kuma wanda ya ce don kare kai ya ɗauka, sau da yawa da ita ake ji masa ciwo. Ba mu kaɗai ke tsananta wannan ba. A Ingila doka ba ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙa ba gaira ba dalili, in ba 'yar ƙarama mai naɗewa marar makulli wadda bakinta bai wuce inci 3 ba. A nan gida ma, Gajere, takobin nan da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Korau, duk da sunan da ya yi a tarihin Katsina, a fada yake ajiye cikin kayan sarauta, ba yawo ake da shi a gari ba.

Ni dai har yau ba ni da wuƙar aljihu tawa, domin na yi wa kaina tambayar Baba ban samu amsa ba. Ta Kaka tana nan a aljihunsa. Ranar Juma'ar da ta wuce na ishe shi yana ɓara goro da dogon ɗan, ya miƙo mini ɓari ɗaya. Na dubi babban yatsansa, ba tsumma.